Baƙon Wa Ne Kai?

Da kakana ya rasu a damunar 1981, rabin yini aka yi a zaure aka gama raba abin da ya bari. Gona ta tafi ga iyayenmu, keke ya tafi ga ƙanen babana. Ni jika ba ni da gado, sai kakata ta jawo wata 'yar adaka ta kwano mai tsatsa daga ƙarƙashin gado ta ce, "Ungo, maigida, kai ne ɗan boko, kai za ka iya da tarkacen abokinka." Na buɗe. Lambobin keke goma sha ɗaya a ƙulle cikin tsumma, da rasidai da suka yi ja don tsufa, wasu sun manne da juna tun shekarar da ɗakin ya yi yoyo, sai kwalbar turaren Bint El Sudan wadda ba komai cikinta sai ƙamshi.

Kakan nawa ɗan koli ne. Ya fi shekara arba'in yana cin kasuwannin yammacin Kano, da fari da jaki, daga baya da kekensa Raleigh. Yau Getso, gobe Gwarzo, jibi Kabo ko Garo, ya leƙa Ƙaraye, ya gangara Rimin Gado, in rani ya yi nisa ya tsallaka Dayi a ƙasar Katsina. A Kurmi yake saro kaya: allura da zare, madubi, kwalli, tsakiya, reza, ashana, kwaɗo, kanumfari, masoro. Duk inda ya je tabarma ce shagonsa, in la'asar ta yi ya naɗe ta. Yana karanta ajami sarai, amma boko ko alif, don haka tun ina firamare na zama magatakardansa. Sai ya zaro takarda daga aljihun 'yar shara ya ce, "Abokina, duba mini, wannan ta bana ce ko ta bara?" Bai taɓa yar da ko ɗaya ba. Tsoronsu yake ji, irin tsoron da mutum ke yi wa layar da bai san abin da aka rubuta a ciki ba.

Abin da ya sa nake son ba da tarihin waɗannan takardu shi ne wata tambaya da kakana ya ce ita ce farkon abin da ake yi wa baƙon ɗan kasuwa a zamanin ubansa. Ba a cewa ina takardarka. Cewa ake, "Baƙon wa ne kai?"

Uban nasa farke ne, ba babba ba, mai jakai uku ko huɗu da ke shiga ayarin manya. Ayarin Gwanja ba tafiyar ganin dama ba ce. Akwai madugu, shi ne uban tafiya. Akwai jagaba da ke gaba yana duba hanya da zango, akwai uban dawaki da ke tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, akwai malamin ayari mai lissafi da addu'a. Su ɗauki baƙin yadi na rini, da kanwa, da fata, da busasshiyar albasa, su yi yamma, su haye Kwara, su ratsa Borgu har Salaga, su komo da goro. Watanni ake yi, wani ma sai shekara ta zagayo iyalinsa ba su gan shi ba. Kowane gari mai sarki aka iso, ayari ya sauka a zango bayan gari, madugu ya shiga da gaisuwa, a yi ciniki kan abin da za a biya bisa yawan dabbobi da kaya. A bakin kogi kuwa ga kuɗin fito. Ƙaramin farke irin kakan babana bai taɓa tsayawa gaban wani sarki ba. Ya ba uban dawaki rabonsa, shi ke nan. Sunan madugu ne lasin ɗinsa.

Kuɗin nan kuma ba a banza ake zuba su ba, ko da yake fatake ba su taɓa daina ƙorafi a kansu ba. Yammacin Kano bakin daga ne a ƙarni na 19. Mahaya daga Maraɗi kan faɗo kudancin Katsina da wannan yanki namu su kwashi mutane da dabbobi, shi ya sa tsofaffin garuruwa irin su Getso da Godiya da Ƙaraye suka zauna cikin ganuwa. Wanda ya biya sarkin gari, ya sayi kwana cikin aminci, da rijiya, da makiyaya ga jakansa, da wurin kai ƙara in an yi masa sata.

In an iso babban gari, sai aikin fatoma, wato mai masauki. A wurinsa baƙo ke sauka, ya ajiye kaya a ɗakinsa, ya ci tuwon gidansa. Shi ke nemo dillali, shi ya san wanda za a ba bashi da wanda ko allura ba za a ba shi ba, shi ke tsaya wa baƙo in mai saye ya yi taurin bashi, in an gama ya ɗauki rabonsa cikin la'ada. Abin kuma hannu biyu ne. In baƙo ya sayar da jabu ya gudu, ba a bin sa daji, ƙofar fatoma ake zuwa. Saboda haka fatoma ba ya karɓar kowa da kowa, sai wanda ya sani ko wanda wani sananne ya aiko. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To, tsarin nan dabara ce ta ɗaure raɓa a jikin kaba, don in rana ta fito a san wanda za a kama.

A kasuwar ƙauye abin bai kai haka girma ba, amma ƙashin bayansa ɗaya ne. Akwai sarkin kasuwa, a wurare da yawa ma sarkin pawa ne ke riƙe da ita, tunda kasuwar da ba a yanka ba ta ci ba. Akwai sarkin dillalai, akwai korama a wajen masu awo. Sabon ɗan koli ya je ya gai da su da ɗan goro ko 'yan allurai, a nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma cikin layin 'yan'uwansa. In ya dawo sau uku sau huɗu ba a ji wani abu ba, wurin ya zama nasa, ko ya makara ba mai zama.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa da can aljanna ce. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, ya kai ga karɓa daga malamai, Larabawa suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Kasuwar da Muhammadu Rumfa ya kafa tun ƙarni na 15, saura kaɗan kwaɗayin sarki ɗaya ya rufe ta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa irin abin da masu kasuwa ke ɗiba daga 'yan kasuwa cikin zaluncin sarakunan Haɓe, har da tawasa, naman da ake karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, da agama, abin da ake ɗiba daga auduga da sauran kaya. Bayan jihadi ma haraji bai mutu ba. Bajamushen nan Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa wuri 2,500 daga magidanci, da kuɗin karofi wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Kuma cikin kayan da ayari ke kora har da bayi, su ma da kuɗin da hukuma ke karɓa a kansu in an sayar. Wannan ma yana cikin tarihin sana'ar gidanmu, ba zan share shi ba. Sannan tsarin "wa ya san ka" yana da nasa mugun gefen: wanda ba shi da kowa, ba shi da kasuwa.

Turawa sun shiga Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903. Gwamna Lugga yana da ƙasa mai faɗi da aljihu marar nauyi, sai ya dubi ayari. Ya hana sarakuna karɓar kuɗin hanya, ya sa nasa: kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi aka ratsa, har ya tsaya a kashi 15. Hujjarsa ita ce shi ne yanzu mai tsare hanya da gyara ta. Aka kafa wuraren biya a manyan garuruwa, malami ya ƙiyasta kaya, a biya, a ba da takarda. A lokacin Katsina tana cikin lardin Kano, don haka mutumin Gwarzo da ya tsallaka ƙasar Katsina bai sauya lardi ba, amma wanda ya yi kudu ya shiga Zazzau ya shiga sabon lissafi. Kakana ya ce ubansa a cikin kube yake ɗinke takardar nan ya rataya a wuya tare da layunsa. Harajin bai daɗe ba. Fatake suka koyi bin hanyoyin daji, 'yan kasuwar Ingila ma suka yi ta kuka cewa yana tare wa kayansu hanya, a 1907 bayan tafiyar Lugga aka soke shi, zamanin Gwamna Girouard. Harajin ya tafi, takarda ta zauna. Daga ranar, hukuma ta gane za ta iya karɓar kuɗin baƙo ba tare da ta san ko ɗan gidan wane ne ba.

Abin da ya ba ni mamaki da na girma na yi karatu shi ne, su Turawan a ƙasarsu ba haka suka yi ba. Dokar 'yan koli ta Ingila ta 1871 ta ce mai yawo da kaya a ƙafa sai ya karɓi takardar shaida daga shugaban 'yan sandan yankinsa, a kan sule 5 a shekara, kuma ba a ba shi sai ya haura shekara 17, ya zauna wata guda a yankin, an kuma gamsu da halinsa. Dokar tana nan da ranta har yau. A Amurka ma, a wurare da yawa, ɗan kasuwar da ya zo gari na 'yan kwanaki sai ya yanki lasin a ofishin gunduma, wani wurin har ya ajiye kuɗin jingina, don in ya cuci wani ya tafi a sami abin biyan wanda aka cuta. Ka ga fatoma ke nan aka mayar da shi takarda da kuɗi. Tambayar dai ita ce tamu ta dā, wa ya san ka, wa zai tsaya maka. Mu da abin ya iso mana, sai rabin kuɗin ya iso, rabin sanin ya tsaya a teku.

Bayan soke kuɗin ayari sai mulkin En'e ya kafu. Razdan Kargil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka fitar da hakimai daga birni suka koma zama cikin talakawansu. Gwarzo ta zama mazaunin hakimi, Kabo ma daga baya ta sami nata. Aka kafa baitulmali, abin da dā gaisuwa ce da ke shiga aljihun mai sarauta ya zama kuɗin shiga mai rasit, mai sarautar kuma ya koma ɗan albashi. Wuri ya ba anini da kwabo da sisi da sule hanya. Dokar En'e ta 1954 ta tattara ikon kafa kasuwa da yanka kuɗin rumfa da tsara talla a hannun hukumar gargajiya. A kasuwa kuma aka sami sababbin fuskoki: malamin kasuwa da littafinsa, duba-gari da ke leƙa nama da tuwo, da ɗan doka.

Lambar keke a nan ta shigo rayuwar kakana. Ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannun yaro ba, da shekara a jiki, ana ɗaure shi a keke, kowace shekara a yanki sabo. Ya ba ni labarin shekarar da ya yi jinkirin yanka, saboda kuɗin sun tafi wajen sunan babana ƙarami. Ya iso bakin wata kasuwa da hantsi, akwatin koli a bayan keke, sai ɗan doka ya ɗaga masa hannu. Ya duba lamba, ya ce ta bara ce. Kakana ya yi rantsuwa zai yanka in kasuwa ta tashi. Sarkin pawa, wanda ya san shi tun yana bin ubansa da jaki, ya taso da wuƙa a hannu ko gogewa bai yi ba, ya ce, "Haba ɗan doka, wannan ai namu ne, shekara ashirin ga wurinsa can gindin ɗorawa." Ɗan doka ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ma na san shi. Lambar ce ba ta san shi ba." Aka riƙe keken. Ya ci kasuwa, ya ɗora akwati a ka ya taka har gida, sai da ya kwana biyu ya haɗa kuɗin lamba da na tara. Yana ba da labarin yana dariya, don ya yarda laifinsa ne. Amma maganar ɗan dokan ba ta bar shi ba, ya maimaita mini ita ya fi sau goma.

Ana cikin haka wani irin lasin ya bayyana wanda ya sha bamban da na su kakana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama zinariya tun daga kakar 1912, auduga kuma ta kama yammacinmu da kudancin Katsina, ga injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona na fitarwa waje, a 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 ta koma hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi a farkon kaka, kuma ba mai sayar mata sai wakili mai lasin. Samun wannan lasin sai mai jari, mai sito, mai motoci, wanda zai iya tara tan da yawa. Da fari kamfanonin Turawa da Kwarori ne suka cika layin, 'yan ƙasa suka kutsa a hankali. Alhasan Ɗantata, ɗan Agalawa da aka haifa a Bebeji a 1877, wanda ya fara da fataucin goron Gwanja kamar kakannin kowa, shi ne babban misalin farken da ya haye daga ayari zuwa sikeli, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin Afirka ta Yamma. A ƙarƙashin mai lasin akwai wakilai, ƙarƙashinsu 'yan baranda da ke bin ƙauyuka da kuɗin wani suna tara gyaɗa tiya-tiya, a kai fuloti a ɗora a sikeli.

Sunan ɗaya ne, lasin, amma abu biyu ne. Na babban mutum katanga ce da ke hana wasu shiga gonarsa, yana iya kai shi banki ya ci bashi da shi. Na ƙaramin mutum kuɗin fansar kai ne na shekara ɗaya ko na yini ɗaya. Kakana ya taɓa gwada baranda kaka biyu, ya ga ana cin riba da guminsa a sama, ya koma wa allurarsa. Fari na 1973 da cutar da ta kashe gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa, a 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin cinikin baki ɗaya. Af, na tuna: da labari ya bazu cewa Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya zama Jarman Kano, ya kafa kamfanin jiragen sama na Kabo Air a 1980, kakana yana kwance ba lafiya. Na gaya masa ɗan ƙasarmu ya sayi jirgin sama. Ya yi shiru, can ya ce, "Shi ma duk shekara ake yanka masa lamba?"

Inda takarda ta fi nuna wa Bahaushe ƙarfinta ba a gida ba ne. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Zangon Kumasi da na Ankara cike suke da jikokin fataken goro, wasu can aka haife su, can aka haifi iyayensu, kowa ya san su, sun san kowa. Bai hana ba. Wani ɗan'uwan kakata ya sauka gidanmu cikin sanyin shekarar, da mata biyu da 'ya'ya masu Hausa wata iri, abin da ya tsira da shi kan keken ɗinki ne naɗe a bargo. Shekara talatin yana da rumfa a can. Ranar da aka tambaye shi takarda, duk mutanen da za su ce "namu ne" su ma layin mota suke bi.

Sauran tarihin na zamaninmu ne, ba sai na ja shi ba. An ƙirƙiro jihar Kano a 1967, En'e ta shuɗe, gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, yau Gwarzo da Kabo kowacce tana cikin 44 na jihar. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, ni ma na yi. Sai dai a ganina tun daga nan idon ƙaramar hukuma ya ƙara komawa kan kasuwa da tasha, don nan ne kaɗai kuɗi ke motsi a fili. Doka ta 21 ta 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin kasuwa, da na tasha, da na mayanka, da na shago da kes, ta kuma hana kowa tare hanya don karɓar haraji. Duk wanda ya bi motar kaya ranar kasuwa a ƙasar nan ya san yadda igiya da ƙusa suka ɗauki wannan hani. Tsarin mulkin 1999 ma, a jadawali na huɗu, ya ba ƙaramar hukuma ikon yanka lasin keke, da amalanke, da baro, da kwalekwale, da kula da kasuwanni da shaguna. Na karanta jerin nan ina neman kakana a ciki. Kekensa yana nan, inda yake shimfiɗa tabarma yana nan. Shi kansa ba ya nan.

Jikokin sana'arsa kuwa sun fi dā yawa. Yanzu da babur suke zuwa, ko a kurkura, ko su haɗa kuɗi su ɗauki mota guda daga birni: masu robobi, masu gwanjo, masu caja da murfin waya, masu atamfa. Da asuba suna wannan kasuwa, gobe suna waccan, kowace da tikitinta. Wanda ya fi damuna shi ne mai magani da lasifika a kan mota, maganin da ke warkar da basir da shawara da ciwon ƙoda duk a kwalba ɗaya. Sayar da magani yana da nasa lasin daban a dokar ƙasa, kuma yawo da shi a kasuwa haramun ne. Amma mai tikiti ba wannan aka aiko shi ba. Ya yaga, ya karɓa, ya wuce. In tsohuwa ta sha ta kwanta, mako mai zuwa motar tana wata jiha, ba kuma ƙofar da za a je a buga. Ba na cewa a komo da fatoma, duniyar ta wuce nan. Amma littafi guda a hannun sarkin kasuwa, mai suna da garin mutum da lambar wayarsa da sunan wanda ya tsaya masa, bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba, kuma 'yan kasuwar da kansu, ta ƙungiyoyinsu, suna yin kusan haka a tsakaninsu ba da umarnin kowa ba.

Na bar wani labari sai yanzu saboda kunya. A ranin 1978, ina hutun kwalejin horon malamai, wani ɗan'uwa ya samo mini aikin wucin gadi na yankan tikiti a wata kasuwa ta yankinmu. Aka ba ni littafi da jaka. Tikitin ɗan siriri ne, akwai lamba, akwai kuɗi, akwai hatimi, babu wurin rubuta suna. Ina jin kaina, ga biro a aljihu.

Wata ranar kasuwa sai ga wani Buzu da raƙumi ɗaya, dattijo, fari ya cinye masa dabbobi ya koma sayar da kanwa da dabino. Ya durƙusar da raƙumin a gefe, bai sauke kaya ba, yana ta waige-waige. Na je na miƙa masa tikiti. Ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Yaro, ina mai kasuwa? In gaishe shi tukuna." Na ce ba sai ya ga kowa ba, ya biya kawai ya kasa kayansa inda ya samu. Ya dube ni, ya biya, sannan ya buɗe bakin buhu ya cika mini hannu biyu da dabino. Na ce ai ya riga ya biya. Ya ce wancan na takarda ne, wannan na mai kasuwa ne, tunda ni na tsaya a madadinsa. Na zuba a aljihu ina jin daɗi.

Bayan azahar sai ga shi yana nemana cikin mutane, tikitin a hannunsa ya riƙe da yatsa biyu. Wani ya ɗauki buhun kanwa guda da sunan zai kai wa maigidansa ya gani ya kawo kuɗi, tun hantsi bai dawo ba. Ya miƙo mini takardar kamar mai miƙa shaida ga alƙali. Na karɓa na duba gaba na duba baya, sai ka ce akwai abin da zan gani. Na ce ni tikiti kawai nake yanka. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi abarsa ya ninke ya sa cikin rawani. Wani tsohon dillali da ke jinmu ne ya tambaye shi kamannin mutumin, ya tura yara biyu, kafin magariba aka zo da rabin kuɗin da alƙawarin saura. Ko ya sami sauran, ni dai hutu ya ƙare na koma makaranta.

Daren ranar na je gai da kakana, na zube masa dabinon a kan buzunsa, na ba shi labari, har ina ƙarawa da cewa mutanen daji ba su san tsarin zamani ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hasken fitila.

"Abokina, baƙon wa ne shi?"

Na ce ban tambaya ba.

"To, kuɗin me ka karɓa?"

Na ce kuɗin hukuma ne, ga lamba ga hatimi. Ya ce ba wannan yake nufi ba, dabinon. Ya tattara su da gefen hannu, ya mayar mini a cikin hulata, ya ce in kai wa dillalin ranar kasuwa mai zuwa. Na kai. Tsohon ya karɓa bai tambaye ni dalili ba, ya raba wa yaran nan biyu da ya aika, ya jefa ɗaya a baki.